Jirjis, Kusugu da Amanar Sunan Shahidi

Daga cikin al'adun da kusan kowace al'umma ta yi tarayya a kansu akwai ɗora sunan mamaci a kan abin da zai daɗe bayansa, gini ne ko unguwa ko hanya, domin kada mantuwa ta cinye shi. Al'adar ba ta tayar da ƙura idan abin da aka raɗa wa sunan kasuwa ce ko makaranta, amma da zarar ta shiga ɗakin ibada sai ta haifar da tambayoyi biyu masu nauyi ga waɗanda suka yi imani da Allah ɗaya, Musulmi da Kirista baki ɗaya. Ta farko ita ce ko ya halatta a kira gidan da aka keɓe domin Allah da sunan bawansa. Ta biyu kuwa, wadda ba a cika yi ba, ita ce ko sunan da aka rubuta a ƙofa yana riƙe da abin da mai sunan ya mutu a kansa, ko kuwa masu ginin ne suke cika shi da abin da suke bukata. Sunan Jirjis, wanda Turawan Ingila suke kira George, Habashawa kuma Giyorgis, ya dace a auna waɗannan tambayoyi da shi, domin yana kan babban cocin Angilikan na Sabon Garin Zariya da wani coci a Bompai ta Kano, labarinsa yana cikin littattafan malaman Musulunci, hotonsa kuma ya yi kama da wani labari da yaran ƙasar Daura suke tashi da shi, daga birni har Babban Mutum da sauran garuruwan Baure da ke bakin iyaka.

Shahidi a wurin Kiristocin farko shi ne wanda hukuma ta ba shi zaɓi tsakanin ransa da bangaskiyarsa, ya zaɓi bangaskiya, aka kashe shi ba tare da ya ɗaga makami ba. Littafin Ayyukan Manzanni ya kawo labarin Istifanas, wanda aka jefe a Urushalima, wato Ƙudus, a matsayin na farkonsu, kuma a cikin ƙarni uku da suka biyo baya Daular Rum ta kashe wasu da yawa saboda sun ƙi miƙa hadaya ga gumakan daula. Wasiƙar da ikilisiyar Samirna, wato jama'ar Kirista ta garin da ake kira Izmir a Turkiyya ta yau, ta rubuta game da kisan shugabanta Polikab a wajajen shekarar 155, ta nuna yadda al'adar ta faro: an tattara ƙasusuwansa an binne, an yi niyyar taruwa a wurin kowace shekara a ranar da ya mutu, an kuma bayyana cewa Almasihu ake yi wa sujada, shahidai kuwa ƙaunarsu ake yi a matsayin almajirai da suka yi koyi da shi. Da aka daina tsananta wa addinin bayan yarjejeniyar Milan ta 313, sai waɗannan kaburbura suka zama harsashin manyan gine-gine, kamar wanda Sarki Kustantin ya gina a Rum a kan inda ake cewa an binne Bitrus. A farkon lamari, ke nan, sunan coci bayani ne na wanda yake kwance a ƙarƙashinsa, kafin daga baya sunan ya rabu da kabarin ya riƙa tafiya ƙasashen da gawar ba ta taɓa zuwa ba.

Tun a wancan zamani masu bautar gumaka sun zargi Kirista da cewa sun kori gumakan daula ne kawai suka maye gurbinsu da matattu, kuma amsar da ta fi shahara ita ce ta Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, wanda ya rasu a 430. A cikin littafinsa kan Birnin Allah ya yi bayanin cewa abin da ake gina wa shahidai wurin tunawa ne, ba haikalin bauta ba, kuma babu firist ɗin da yake tsayawa gaban bagade, wato teburin hadaya, ya ce yana miƙa wa Bitrus ko Bulus, domin Allah kaɗai ake miƙa wa. Taron shugabannin ikilisiya na biyu da aka yi a Nikiya a 787, a tsakiyar rikicin farfasa hotuna da ya girgiza Rumawan Gabas daga wajajen 726 har 843, ya tsara wannan bambanci ya zama doka: bauta ta Allah ce shi kaɗai, girmamawa kuwa ana iya yi wa waliyyi da hotonsa, bisa hujjar cewa girman da aka ba hoto yana wucewa zuwa ga wanda aka zana. Taron ya kuma wajabta a sa wani abu daga ragowar jikin shahidi a duk cocin da za a keɓe. Wannan amsa ta gamsar da Katolika da Otodoks har yau, amma ta tsaya ne kan tambayar halacci, ba ta taɓo tambayar amana ba, kuma a nan ne tarihin Jirjis yake da abin faɗa.

Abin da masana tarihi suka tabbatar game da Jirjis kaɗan ne ƙwarai. Al'adar ikilisiya ta ce soja ne a rundunar Rum, an sare kansa ranar 23 ga Afrilu, 303, a shekarar da Sarki Diyokletiyan ya ƙaddamar da tsanantawa mafi muni da Kirista suka gani a daular, lokacin da aka ba da umarnin rushe majami'u da ƙona littattafai. Abin da ya tabbata shi ne an fara girmama kabarinsa da wuri a Ludd, garin da ake kira Lod a yau, tsakanin Yafa da Ƙudus, domin wani maziyarci mai suna Tiyodosiyus ya ambaci wurin a wajajen 530, kuma a Izra ta kudancin Siriya akwai coci mai sunansa da aka gina a 515 wanda yake tsaye har yanzu. Labarin farko da aka rubuta game da shi babu doki a ciki, babu mashi, babu dodo. Labarin azaba ne zalla, inda wani azzalumin sarki ya yi shekara bakwai yana gana masa uƙuba iri-iri, yana mutuwa Allah yana tayar da shi, har sau uku, kafin mutuwa ta ƙarshe. Ƙarin gishirin da ke cikinsa ya yi yawan da wani tsohon kundi da ake jingina wa Paparoma Gelasiyus, wanda ya jera littattafan da ikilisiyar Rum ta karɓa da waɗanda ta ƙi, ya sa shi cikin waɗanda ba a yarda da su ba, ko da yake hakan bai rage ko kaɗan daga farin jinin mai sunan ba.

Wannan tsohon labari na azaba shi ne ya shiga littattafan Musulmi, kuma a can ya zauna kusan yadda yake. Imam Ɗabari, wanda ya rasu a 923, ya kawo shi a cikin babban tarihinsa ta hanyar Ibn Ishaƙ daga Wahb ɗan Munabbih, Sa'alabi kuma, wanda ya rasu a 1035, ya sa shi cikin littafinsa na ƙissoshin annabawa. A ruwayarsu Jirjis salihin bawa ne daga Falasɗinu, ɗan kasuwa mai yawan sadaka, wanda ya riski wasu daga cikin ragowar Hawariyawan Annabi Isa, ya je wurin wani sarki a Mausil ya same shi yana tilasta wa mutane sujada ga gunki, sai ya rabar da dukiyarsa ya tsaya ya faɗa masa gaskiya a fuskarsa. Sunansa bai zo a Alƙur'ani ba, malamai kuma suna lissafa irin wannan ruwaya cikin Isra'iliyyat, wato labaran da aka karɓo daga Ma'abota Littafi, waɗanda ba a gina aƙida ko hukunci a kansu. Duk da haka mutanen Mausil sun gina masallaci a kan kabarin da suke jingina masa, suka kira shi masallacin Nabi Jirjis, ya daɗe ƙarnoni kafin ƙungiyar Da'ish ta tarwatsa shi a watan Yuli na 2014, a Falasɗinu kuma jama'a sukan haɗa shi da Halliru, har a Ludd masallaci da coci suna jingine da juna a wuri guda. Girmama wanda aka kashe saboda imani kafin zuwan Musulunci ba baƙon abu ba ne ga mai karanta Suratul Buruj, wadda masu tafsiri da yawa suka danganta mutanen ramin wuta da ke cikinta da Kiristocin Najran da Sarki Zu Nuwas ya hallaka a wajajen 523.

Dodon ya shigo labarin ne bayan shekaru kusan ɗari bakwai da rasuwar mai sunan. Rubutu mafi daɗewa da ya kawo shi na ƙasar Jojiya ne, na ƙarni na 11, amma wanda ya yaɗa shi a Turai shi ne tarin tarihin waliyyai da ake kira Legenda Aurea, wanda Yakubu na Voragine, malamin da ya zama babban bishop na Jenowa, ya haɗa a wajajen shekarun 1260. A wannan ruwaya wani dodo mai siffar maciji ya tare a wani tafki kusa da garin Silene a Libiya, numfashinsa yana kashe mutane, mutanen garin suna ba shi tumaki biyu kullum, da tumaki suka yi ƙaranci suka koma jefa ƙuri'a a kan 'ya'yansu, har ta faɗa kan 'yar sarki. Jirjis ya iso a kan doki ya soki dodon da mashi, ya sa yarinyar ta ɗaura masa ɗamararta a wuya ta ja shi cikin gari, sannan ya kashe shi bayan sarki da jama'arsa sun karɓi baftisma. Sarki ya miƙa masa dukiya ya ce a raba wa matalauta, ya hau dokinsa ya tafi, labarin kuma ya ci gaba zuwa ga kamunsa da kisansa.

Duk wanda ya san tarihin Daura zai ji wannan labari kamar ya taɓa jin sa. Bayajidda ma baƙo ne mai doki, wanda aka ce ya fito daga Bagadaza ya bi ta Borno, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce masa macijiyar da ke rijiyar Kusugu ba ta barin a ɗiba sai ranar Juma'a, ya je ya sare kanta, Sarauniya Daurama kuma ta aure shi. Kamannin ba ya nuna cewa wani labarin ya ari wani, domin ƙissar jarumi da maciji da ruwa ta bazu a duniya: Girkawa suna da ta Farsiyus wanda ya ceci 'yar sarki daga dodon teku a gaɓar Yafa, kusa da Ludd ɗin kanta, Soninkawa kuma suna da ta maciji Bida na Wagadu, wanda ake ba budurwa kowace shekara, wanda kisansa ya jawo fari da watsewar daular. Amfanin jera su shi ne a ga inda suka rabu. Kisan macijiyar Kusugu ya haifar da aure, auren ya haifar da Bawo, zuriyar kuma ta haifar da sarautun Hausa Bakwai, saboda haka labarin tushen mulki ne, kuma ya dace da rijiyar ta zama wurin tarihi, takobin da ake jingina wa jarumin ya zama cikin kayan fada. Jirjis kuwa bai auri 'yar sarki ba, bai karɓi rabin gari ba, bai bar zuriya ba, kuma ƙarshen labarinsa shi ne wani sarki ya sare kansa yana miƙa wuya. Bayajidda ana tunawa da shi ne saboda abin da ya kashe, Jirjis kuwa asalin tunawa da shi saboda yadda aka kashe shi ne, amma hoton da ya yaɗu a duniya ya mayar da shi ɗan'uwan Bayajidda.

Masu zane da masu sassaƙa suna da babban hannu a wannan sauyi, kuma dalilinsu a fili yake, domin mahayi da doki da mashi sun fi cika ido a kan mutumin da aka ɗaure ana azabtarwa. Donatello ya sassaƙa shi a Firenze a wajajen 1416 a matsayin saurayi mai sulke riƙe da garkuwa, kuma ƙungiyar maƙeran sulke da takubba ce ta biya kuɗin aikin, abin da yake nuna wanda yake bukatar irin wannan waliyyi. Rafayel ya zana shi sau biyu a farkon shekarun 1500, ɗaya yana Faris ɗaya yana Washinton, Pawulo Uccello ya zana shi a wajajen 1470 a hoton da ke Landan, a babban cocin Stokholm kuma akwai ƙaton mutum-mutuminsa da aka keɓe a 1489 domin tunawa da nasarar yaƙi a kan Denmak. Masu wa'azi sun fassara dodon da Shaiɗan ko zunubi, mashin kuma da bangaskiya, fassarar da take da tushe a littafin Wahayin Yahaya, sai dai hoto ba ya tafiya da mai fassararsa, kuma kowane sarki da ya kalle shi yana iya ganin kansa a kan dokin, abokin gabarsa kuma a ƙarƙashin kofato.

Haka kuwa aka yi. Mayaƙan yaƙin gicciye sun ce ya bayyana yana taimakonsu a Antakiya a 1098, Sarki Edward na Uku na Ingila ya sa ƙungiyar jarumansa ƙarƙashin sunansa a 1348, jan gicciye a kan farin ƙyalle kuma, wanda ake kira gicciyen Jirjis, ya zama tutar Ingila, daga baya ya zauna a tsakiyar tutar Birtaniya. A 1482 Turawan Fotugal suka gina ganuwa a gaɓar tekun Gana ta yau suka sa mata sunansa, ita ce Elmina, wadda daga baya ta zama ɗaya daga cikin manyan ma'ajiyar bayi kafin a loda su a jiragen ruwa, ta yadda sunan mutumin da aka ɗaure saboda imaninsa ya zauna a kan kurkukun waɗanda aka ɗaure saboda kuɗi. A Habasha kuwa sunan ya yi aiki ta ɗaya fuskar: bayan cocin Lalibela da aka sassaƙa daga dutse guda cikin siffar gicciye a wajajen ƙarni na 13, rundunar Sarki Menelik ta ɗauki akwatin alkawarin cocin Giyorgis zuwa Adwa, inda ta karya Italiya ranar 1 ga Maris, 1896, aka gina masa babban coci a Adis Ababa don godiya, masu zane kuma suka riƙa sa shi a sama kan farin doki yana kallon fagen fama. Waliyyi guda ya zama tutar mai mamaya a wata gaɓa ta Afirka, ya zama tutar mai korar mamaya a wata, kuma a duka biyun mahayin ne aka kira, ba shahidin ba.

A wannan siffa ta mahayi ya shigo ƙasar Hausa, tun kafin a gina masa coci ko ɗaya. Tutar Birtaniya da Gwamna Lugga ya ɗaga a Lakwaja ranar 1 ga Janairu, 1900, wadda ta shiga Kano a Fabrairu da Sakkwato a Maris na 1903, gicciyensa ne a tsakiyarta, fam na zinariya na Ingila kuma yana ɗauke da hotonsa da dodon, wanda aka fara bugawa a kansa a 1817. Lambar girman da Birtaniya ta fi ba ma'aikatanta na ƙasashen waje, wadda aka ƙirƙiro a 1818, sunan Mika'ilu da Jirjis take ɗauke da shi, Lugga ya sami babban matakinta a 1911, kuma an ba wasu sarakunan Arewa wani mataki nata, ciki har da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Katsina Usman Nagoggo. A ƙarƙashin waccan tuta aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi ranar 27 ga Yuli, 1903, shekara 1600 cif bayan shekarar da aka ce an kashe Jirjis, bayan ya zaɓi hijira a kan miƙa wuya, kuma Musulmin Arewa suna lissafa shi da waɗanda suka faɗi tare da shi cikin shahidai. Attahiru ya mutu ne yana yaƙi, saboda haka shahadarsa ta fikihun Musulunci ce, wadda ta bambanta da ta Kiristocin farko, amma idan aka tambaya a wane ɓangare na fagen Burmi aka ga mutanen da suka fifita addininsu a kan rayukansu a gaban daula mai ƙarfi, amsar ba ta ɓangaren masu tutar ba ce.

Cocin da suka ɗauki sunan sun zo ne ta hanyar da mulkin mallaka ya buɗe, amma ba su tsaya a kanta ba. Sabon Garin Zariya da na Kano sun bunƙasa da isowar jirgin ƙasa a wajajen 1911, lokacin da akawuna da ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu da Saliyo da Gana suka zo da addininsu da sunayen cocin garuruwansu, Bompai kuwa tana cikin wuraren da Turawa suka fara zama a wajen birnin Kano. A Wusasa, inda mishan ɗin da Dakta Walter Miller ya kafa a birnin Zariya a 1905 ya koma a ƙarshen shekarun 1920, an gina coci da ƙasa bisa tsarin ginin Hausa, da bakan gizo da kauri irin na soro, aka sa masa sunan Bartalamawas, ɗaya daga cikin manzanni sha biyu, wanda al'adar ikilisiya take cewa shi ma kisan shahada aka yi masa. Abin lura shi ne Angilikan, waɗanda suka fi kowa amfani da irin waɗannan sunaye a Arewa tare da Katolika, ƙa'idojin aƙidarsu talatin da tara na 1571 sun yi watsi da roƙon waliyyai da girmama ragowar jikinsu a ƙa'ida ta 22. Sunan a wurinsu tunatarwa ce da abin koyi, babu kabari a ƙarƙashinsa kuma ba a neman ceto a wurin mai shi, kuma masu ibada a waɗannan majami'u a yau 'yan Nijeriya ne, waɗanda rikice-rikicen Kano da Kaduna da Zariya tun daga shekarun 1980 suka sa labarin tsayawa kan bangaskiya cikin haɗari ya fi musu ma'ana a kan labarin doki da mashi.

Akwai kuma Kiristocin da suka ƙi al'adar gaba ɗaya, kuma su ne suka fi yawa a cikin masu ibada da Hausa. Ikilisiyar ECWA, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1954 daga mishan ɗin SIM da ya fara aiki a 1893, da ire-irenta irin su EYN da HEKAN da COCIN, galibi suna kiran majami'unsu da sunan gari ko unguwa, ko da lamba, ko da kalma irin Bishara, domin sun gaji ra'ayin masu gyaran ƙarni na 16 irin su Kalbin, wanda ya rubuta littafi a 1543 yana sukar girmama ragowar jikin waliyyai, bisa hujjar cewa matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, kuma talaka ba ya iya riƙe siririn bambancin da malamai suke yi tsakanin bauta da girmamawa. Duk da haka sunayen ba su ɓace ba, sun koma kan mutane ne, domin Istifanus da Bitrus da Bulus da Yohanna sun cika gidajen Kirista Hausawa na Malumfashi da Kafur. Katolika kuwa sun riƙe tsohuwar hanya, kuma lokacin da aka kafa dayosis ɗin Katsina a 2023, wato yankin da bishop guda yake kula da shi, aka naɗa Gerald Mamman Musa bishop, babban cocinsa sunan waliyyi Martin de Porres na ƙasar Peru yake ɗauke da shi.

Musulmin ƙasar Hausa ba baƙi ba ne a wannan muhawara, domin suna da tasu mai kama da ita. Kiran masallaci da sunan mutum ko kabila abu ne da mafi yawan malamai suka halatta, har Imam Buhari ya ware babi a kansa ya kafa hujja da masallacin Banu Zuraiƙ na Madina, shi ya sa ba a jin nauyin cewa masallacin Shehu a Sakkwato ko masallacin Sultan Bello a Kaduna. Inda saɓani yake shi ne gini a kan kabari da neman albarka a wurinsa. Masu hanawa suna kafa hujja da hadisin da Ummu Salama da Ummu Habiba suka ba Manzon Allah (SAW) labarin wani coci mai hotuna da suka gani a Habasha, ya bayyana musu cewa waɗannan mutane suna gina wurin ibada a kan kabarin salihinsu su zana hotuna a ciki, ya kuma yi tir da hakan. Masu sassauci kuma sukan jawo ayar Suratul Kahfi da ta ambaci waɗanda suka ƙudura gina masallaci a wurin samarin kogo, ko da yake wasu malamai suna ganin ayar labari ta bayar, ba izini ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi gargaɗi a Ihya'us Sunna kan bidi'o'in da ake yi a kaburbura, amma bayan rasuwarsa a 1817 Hubbarensa ya zama wurin ziyara, kamar kaburburan Ɗan Marina da Ɗan Masani a Katsina, kuma tun kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 batun yake raba ta da 'yan ɗariƙu. Wannan jayayya, kamar ta Nikiya da ta Kalbin, a kan iyakar tauhidi take.

Tambaya ta biyu kuwa ta shafi kowa, har wanda bai taɓa ziyarar kabari ba. Hausawa suna cewa suna linzami ne, kuma tarihin Jirjis ya nuna cewa linzamin yana bin hannun da ya riƙe shi: ikilisiyar da ake tsanantawa ta ja shi zuwa haƙuri, sarakunan Turai suka ja shi zuwa yaƙi, 'yan kasuwar Elmina suka ɗaure shi a ƙofar kurkuku, Habashawa suka ja shi zuwa 'yanci. Mamaci ba ya iya kare sunansa, kuma shahidi ya fi kowa rauni a nan, domin girman da mutuwarsa ta jawo masa shi ne ainihin abin da masu mulki suke kwaɗayi, alhali hannun mai mulki ne ya kashe shi. Nijeriya ta ga ƙaramin misalin wannan a Murtala Muhammed, wanda aka kashe ranar 13 ga Fabrairu, 1976, aka sa sunansa a filin jirgin saman Legas da asibitin Kano da dandalin Kaduna da takardar naira ashirin, ba tare da yawan sunan ya zama ma'aunin yadda aka riƙe yaƙi da almundahana da aka san shi da shi ba.

Daga nan za a iya fitar da hukunci mai sassa biyu. Masu hana al'adar suna da gaskiya cewa suna da hoto suna iya kuɓuce wa niyyar wanda ya fara su, kuma Jirjis shaida ne a kan haka, amma hanawa ba ta kawar da matsalar, domin al'ummar da ta cire sunayen salihanta daga gine-ginenta takan cike gurbin da sunayen gwamnoni da attajirai, waɗanda ba a ma tambayar abin da suka mutu a kansa. Masu riƙe da al'adar kuma suna da gaskiya cewa mutane ba sa koyon tsayuwa kan gaskiya daga ƙa'ida kawai, sai sun ga wanda ya tsaya, amma wannan hujja tana ɗora musu nauyin da ba a cika saukewa ba, wato su riƙa faɗa wa kowane sabon ƙarni wane ne mai sunan, wa ya kashe shi, da dalilin kisan, har da sassan labarin da ba su yi wa masu iko daɗi. Cocin da yake ɗauke da sunan Jirjis, ko masallaci ko makarantar da take ɗauke da sunan wani shahidi, ya ci amanar sunan idan ya mayar da shi alamar rinjaye a kan maƙwabci, ya kuma sauke ta idan ya koya wa jama'arsa cewa babu hukumar da take da ikon tilasta wa mutum abin da zai bauta wa, ko mutumin na cikinsu ne ko na ɗaya addinin.